Kalmar Ingilishi "Random": Ma'anarta, Asalinta da Yadda Ake Fassara Ta da Hausa

1.0 Gabatarwa

A darasin fassara, idan aka ba ɗalibai jimlar Ingilishi mai cewa "The houses were chosen at random", akan sami amsoshi iri uku. Wasu su rubuta "an zaɓi gidajen barkatai", wasu su rubuta "an zaɓi gidajen ba zato ba tsammani", wasu kuma su ce "an zaɓi gidajen ta hanyar ƙuri'a". Duk ukun Hausa ce mai kyau, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta farko tana zargin masu zaɓen da sakaci. Ta biyu tana nuna cewa an shammaci masu gidajen. Ta uku kuwa cewa take yi an bi wata ƙa'ida don kada a fifita kowa. Idan jimlar ta fito ne daga rahoton ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka, amsa ta uku ce kawai daidai. Sauran biyun suna iya sa mai gari ya ƙi yarda a shiga gidajen jama'arsa.

Wannan takarda za ta duba kalmar "random", wadda masu magana da Ingilishi ke amfani da ita wajen abin da ba a iya sanin yadda zai faɗo tun kafin ya auku. Za a fara da siffarta, a bi tarihinta, a rarrabe ma'anoninta na yau, sannan a kawo hanyoyin mayar da kowace ma'ana cikin Hausa. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, kalmar tana ɗauke da ma'anoni biyu masu karo da juna, wato rashin tsari da kuma tsari mai tsanani, kuma mai fassara ba zai zaɓi kalmar Hausa ba sai ya tantance wadda ake nufi.

2.0 Siffar Kalmar da Furucinta

Kalmar tana da gaɓoɓi biyu, "ran" da "dom", kuma a kan gaɓar farko ake danna murya. Wasalin gaɓa ta biyu ba ya fita sosai, shi ya sa kunnen Bahaushe ke jin ta kamar "randam". Ɗalibin da ya taso da Faransanci yakan yi kuskure biyu a nan: yakan shigar da wasalin farko cikin hanci, ya haɗiye baƙin n, sannan ya kai ƙarfin murya gaɓar ƙarshe. A Ingilishi ana furta n ɗin a fili.

A yau aikin sifa kalmar ta fi yi, kuma kafin suna take zuwa, kamar a "a random number" da "a random test". Daga gare ta ake gina waɗannan:

(a) "randomly", bayanau, da ɗafa-ƙeyar -ly
(b) "randomness", ɓoyayyen suna, da ɗafa-ƙeyar -ness
(c) "randomise", aikatau, wanda Amurkawa ke rubutawa da z
(d) "at random", yanki mai aikin bayanau

Na ƙarshen nan ya cancanci a lura da shi. Harafin "at" suna yake bi masa, ba sifa ba. Wannan alama ce da ke nuna cewa kalmar suna ce tun farko, daga baya ta koma sifa, kamar yadda tarihinta zai nuna.

3.0 Asalin Kalmar

3.1 Gudu da Ƙarfi

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a da soja a ƙasar har tsawon ƙarnoni, kuma dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. Ɗaya daga cikinsu ita ce "randon" ta tsohon Faransanci, mai ma'anar gudu mai ƙarfi ko kutsawa da zafin nama. Tana da aikatau "randir", wato yin sukuwa ko sheƙawa da gudu. Masana tarihin kalmomi suna danganta saiwarta da harsunan Jamusawan da, irin su Farankawa waɗanda suka mamaye ƙasar da ta zama Faransa.

Kalmar ta bayyana a rubuce cikin Ingilishi wajen farkon ƙarni na 14, da siffar "randoun" ko "randon". A labaran jarumai na wancan zamani, idan barde ya saki linzami ya auka wa abokin gaba, ko jini ya yi tsartuwa daga rauni, da wannan kalma ake kwatanta ƙarfin abin. Babu maganar sa'a ko dace a cikinta tukuna. Bahaushe da zai fassara ta a lokacin sai ya ce "a sukwane" ko "a guje".

Baƙin ƙarshe ya sauya daga n zuwa m a hankali. Ba wannan kalma kaɗai abin ya shafa ba. Kalmar "ransom", wato kuɗin fansa, ta fito ne daga tushen da ya ba Faransanci "rançon", ita ma "seldom" da n take ƙarewa a tsohon Ingilishi.

3.2 Daga Gudu zuwa Rashin Saiti

Yaya aka yi kalmar gudu ta koma kalmar rashin tabbas? Hanyar ba ta da wuyar bi. Dokin da ke sukuwa iyakar ƙarfinsa ba ya zaɓen inda zai sa kofato, mahayinsa ma ba ya iya juya shi yadda ya so. Wato inda gudu ya yi yawa, saiti yakan ragu.

A ƙarni na 16 masu harbin igwa sun ɗauki kalmar suna kiran iyakar nisan da harsashi ke kaiwa idan aka ɗaga bakin igwa sama. Harbin kusa ana iya auna shi, amma harbin nesa irin wannan sai inda ya faɗa. A cikin wannan ƙarni ne, wajen shekarun 1560, yankin "at random" ya fara nufin yin abu ba tare da manufa ko saiti ba. Zuwa tsakiyar ƙarni na 17 sai aka fara ɗora kalmar kai tsaye a gaban suna a matsayin sifa. Tsohuwar ma'anar gudu ta mutu, ta bar ma'anar da ta haifa.

3.3 Dangi da Maƙwabta a Faransanci da Larabci

Faransancin yau ya yar da "randon", amma ya riƙe jikarta, "randonnée", wato doguwar tafiyar shan iska a ƙasa ko a kan keke. Ɗalibi ya kiyaye: dangantakar ta jini ce kawai, ma'anonin sun rabu tuntuni. Abin da Ingilishi ke kira "random", Faransanci yana kiransa "aléatoire" ko "au hasard". Ta farko daga Latin "alea" take, sunan wasan caca da ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo irin na lido. Ta biyu ma sunan wasan caca ce tun asali, ta shigo ta hanyar Sifaniyanci "azar", kuma galibin ƙamusoshi suna mayar da ita ga Larabci.

A nan akwai tarkon da ke kama masu Faransanci. Ingilishi ma ya ari "hasard", yana rubuta ta "hazard", amma a yau haɗari take nufi. Wanda ya ga "a fire hazard" ya fassara da sa'a ko dace ya ɓata. Abin da ke iya haddasa gobara ake nufi.

Larabcin zamani kuwa "ashwa'i" yake cewa. Kalmar ta samo asali ne daga taguwa mai dundumi, wadda ba ta gani da dare, tana taka duk abin da ƙafarta ta samu. Idan aka jera harsunan uku za a ga kowanne da hoton da ya ɗauko: Ingilishi dokin da ya ƙwace, Faransanci ƙwayar caca, Larabci raƙumar da ba ta gani.

4.0 Ma'anonin Kalmar a Yau

4.1 Ma'ana ta Farko: Rashin Tsari ko Manufa

Wannan ita ce ma'anar yau da kullum, wadda ta gado daga ƙarni na 16. Ga misalai:

(1) He opened the book at random.
Ya buɗe littafin inda hannunsa ya kai.

(2) The papers were lying in random heaps.
Takardun suna zube barkatai.

(3) The gunmen fired at random.
Ƴan bindigar sun yi harbin kan mai uwa da wabi.

A dukkan misalan babu wanda ya tsara komai. Ko sunan kamfanin buga littattafan nan na Amurka, Random House, wanda aka kafa a 1927, daga wannan ma'ana ya fito, domin masu shi sun yi niyyar buga ƴan littattafai ne jefi-jefi, duk wanda ya yi musu.

4.2 Ma'ana ta Biyu: Daidaiton Dama

Daga ƙarshen ƙarni na 19 masana lissafi da ƙididdiga suka ba kalmar wata ma'ana ta musamman. A wurinsu, zaɓe yana zama "random" ne idan an bi hanyar da ta ba kowane abu dama sananniya, galibi daidai da ta sauran, kuma babu hannun mutum a cikin abin da ya fito. Idan gari yana da gidaje 500 ana son 50, to, kowane gida ya kasance yana da dama ɗaya cikin goma, gidan sarki da gidan almajiri duka ɗaya.

Abin lura shi ne, irin wannan rashin tabbas yana da iyaka. Ba wanda ya san fuskar da ƙwayar lido za ta nuna a jifa guda. Amma idan aka jefa ta sau 6,000, an san kowace fuska cikin shidan za ta fito kusan sau 1,000. Guda ɗaya a ɓoye yake, jimillar kuwa a bayyane. Wannan ne ya bambanta kalmar da "unpredictable", wadda ke nufin duk abin da ba a iya hasashensa, da kuma "erratic" da "capricious", waɗanda ake faɗa wa mutum ko yanayi mai saurin juyawa. Shugaba mai hali irin na hawainiya ana iya kiransa "capricious", amma hukuncinsa bai zama "random" a ma'anar lissafi ba, tunda son ransa na ciki.

Wannan ma'ana ta yi ƙarfi a ƙarni na 20. A 1905 Karl Pearson ya shigo da laƙabin "random walk" cikin mujallar Nature, yana tambaya game da mutumin da ke tafiya yana sauya alƙibla a kowane zango ba tare da dalili ba. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya nuna cewa idan ana gwada taki ko iri, ƙuri'a ce ya kamata ta raba fulotan gona, domin idan mai bincike ya zaɓa da kansa yana iya ba irin da yake so wuri mai dausayi, ko da bai yi niyya ba. Daga irin wannan aiki ne aikatau "randomise" ya bazu.

Likitoci sun ɗauki dabarar. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin streptomycin a kan tarin fuka a Birtaniya, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa. Marasa lafiya 107 ne suka shiga. An ba 55 maganin tare da hutun gado, 52 kuma hutun gado kawai, kuma takardun da aka rufe cikin ambulan ne suka raba su, likita bai san abin da ke ciki ba sai an buɗe. Cikin wata shida mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Da likitoci ne suka zaɓi waɗanda za a ba maganin, da an iya cewa masu sauƙin ciwo suka ɗiba. Ƙuri'ar ce ta toshe wannan ƙofa.

Samun irin waɗannan lambobi aiki ne ja. A 1927 L. H. C. Tippett ya buga jadawalin lambobi 41,600 don amfanin masu bincike, a 1955 kuma cibiyar RAND ta Amurka ta fitar da littafi guda mai ɗauke da lambobi miliyan ɗaya. An sha wannan wahala ne saboda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya aikin. Idan aka ce mutum ya rubuta sakamakon jefa ƙwandala sau ɗari daga kansa, yakan guji maimaita fuska ɗaya sau biyar ko shida a jere, alhali a jifa ta gaskiya hakan na yawan faruwa. Kamfanin Spotify ya ci karo da wannan hali: masu sauraro sun yi ta ƙorafin cewa waƙoƙin mawaƙi ɗaya na biyo juna idan an gauraya jeri, har a 2014 kamfanin ya sauya tsarin gaurayawar ya riƙa warwatsa su da gangan, don abin ya yi wa kunne kama da dace.

4.3 Abin da Ya Faru a Amurka a 1969

Misali ɗaya ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin ma'ana ta farko da ta biyu. Lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Amurka ta shirya ƙuri'a don tsara jerin samarin da za a kira aikin soja na dole. Ranar 1 ga Disamba 1969 aka zuba ƴan ƙwanso 366 cikin wani babban tulun gilashi, kowanne ɗauke da rana ɗaya ta shekara, aka riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 14 ga Satumba ce ta fara fita. Ƙuri'ar ta shafi mazan da aka haifa daga 1944 zuwa 1950, kuma duk wanda ranar haihuwarsa ta fito da wuri shi ne kan gaba wajen kira.

A idon mai kallo komai ya tafi daidai, tunda hannu ake sawa a zaro ba tare da dubawa ba. Amma da masana ƙididdiga suka bi sakamakon sai suka ga waɗanda aka haifa a watannin ƙarshen shekara, musamman Disamba, sun fi samun lambobin farko. Dalili shi ne an shirya ƙwanson wata-wata, daga Janairu zuwa Disamba, kuma ba a gauraya su sosai ba, sai na ƙarshen shekara suka fi kusa da hannu. Zaron ya kasance "random" a ma'ana ta farko, domin ba wanda ya nufi kowa, amma bai cika ma'ana ta biyu ba, domin damar ba ta zo daidai ba. A ƙuri'ar 1970 sai da aka sake tsari, aka yi amfani da ganguna biyu, ɗaya na ranaku ɗaya na lambobi. Bambancin da ɗalibi zai iya ɗauka na ƙamus ne kawai, a can ya shafi wanda zai tafi fagen daga.

4.4 Ma'ana ta Uku: A Fagen Kwamfuta

Duk mai sayen waya ko kwamfuta ya san RAM. Harafin farko na wannan taƙaitaccen suna daga kalmarmu yake. Ma'anar a nan ita ce na'ura tana iya kaiwa ga kowane gurbi na ma'ajiyarta kai tsaye, cikin lokaci ɗaya, ba sai ta bi jeri ba. A kwatanta da kaset: mai son waƙa ta biyar dole ya wuce huɗun farko. A faifan CD kuwa sai ya danna lamba biyar kawai. Babu sa'a ko rashin tsari a wannan ma'ana ko kaɗan, shi ya sa Faransanci bai fassara ta kalma da kalma ba a maganar yau da kullum, sai ya ce "mémoire vive".

4.5 Ma'ana ta Huɗu: A Bakin Matasa

Tun shekarun 1970 ɗaliban wasu jami'o'in Amurka, musamman masu harkar kwamfuta, suka fara kiran baƙon da ba a san shi ba da wannan kalma. Zuwa shekarun 2000 salon ya game matasan Amurka da Birtaniya, kuma intanet ta kai shi ko'ina. Misali:

(4) A random man called me last night.
Wani mutum can da ban sani ba ya kira ni daren jiya.

(5) That is so random!
Wannan kuma daga ina?

A misali na (5) mai magana mamaki yake yi na abin da bai dace da zancen da ake ciki ba. Wannan amfani na hira ne da saƙon waya. Bai kamata ɗalibi ya sa shi a rubutun jarrabawa ko wasiƙar aiki ba.

5.0 Fassara zuwa Hausa

Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe waɗannan ma'anoni huɗu, kuma wannan ba naƙasu ba ne, domin Faransanci ma ba shi da ita. Abin da Hausa ke da shi shi ne kalmomi da dama, kowace da gurbinta.

"Barkatai" da "kara-zube" suna nuna rashin tsari, kuma akwai ɗan zargi a cikinsu. Sun dace da kaya ko aiki da aka yi wa riƙon sakainar kashi. "Da ka" ta dace da magana ko lissafin da aka yi ba tare da bincike ba. "Kan mai uwa da wabi" ana faɗarta ne inda cuta ko hukunci ya faɗa wa kowa ba bambanci, kamar harbi ko kame. Ba a raba kyauta da ita. "Kwatsam" da "ba zato ba tsammani" lokacin aukuwar abu suke bayyanawa, ba hanyar zaɓensa ba. "Arashi" da "gamon katar" suna nufin haɗuwar abubuwa biyu ba da shiri ba. "Canki-canka" ta matso kusa da ma'ana ta biyu, sai dai a cikinta mutum ne ke canka, kuma an riga an ga cewa zaɓin mutum yana da inda yake karkata.

Kalmar da ta fi dacewa da ma'ana ta biyu ita ce "ƙuri'a", wadda Hausa ta aro daga Larabci. Al'adar ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Alƙur'ani ya ambaci ƙuri'a a ƙissar renon Nana Maryamu cikin Suratu Ali Imrana, da ƙissar Annabi Yunusa cikin Suratus Saffati, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Haka nan wasu ƴan adashi sukan rubuta sunaye a ƴan takardu, a naɗe, a sa yaro ya zaro, don a san wanda zai fara kwasa ba tare da rigima ba. A duk waɗannan wurare manufar ɗaya ce da ta Fisher da Hill: a cire son rai daga rabo.

Amma ita ma kalmar tana da nata tarko. A Hausar yau, "jefa ƙuri'a" ko "kaɗa ƙuri'a" zaɓen siyasa yake fara kawowa a zuciya, inda kowa ke zaɓen wanda yake so, wato kishiyar abin da ake nufi ke nan. Saboda haka mai fassara ya ƙara bayani. A ɗauki takardar neman yardar mara lafiya kafin gwajin magani, inda aka rubuta "You will be randomly assigned to one of two groups". Wanda ya fassara da "za a sa ka cikin rukuni barkatai" ya tsorata mara lafiya, ya kuma yi wa likitoci ƙazafi. Wanda ya ce "za a zaɓa maka rukuni" ya ɓoye gaskiya, domin mara lafiya zai ɗauka likita ne ya duba halinsa ya zaɓa masa abin da ya fi. Fassarar da ta cika amana za ta yi kama da wannan:

(6) Za a raba masu shiga gwajin gida biyu ta hanyar ƙuri'a, irin wadda ake zaro suna daga ƙwarya ido rufe. Likita ba ya zaɓa, kai ma ba ka zaɓa, kuma damarka ta shiga kowane rukuni daidai take da ta kowa.

Fassarar ta fi jimlar asali tsawo nesa ba kusa ba, kuma hakan ba laifi ba ne. Mutumin da zai dangwala yatsa a takardar yana da haƙƙin sanin abin da ya yarda da shi.

Akwai kuma tambayar da ɗalibai kan yi: shin cewa abu "random" ne bai saɓa wa imani da ƙaddara ba? A amfanin masana ƙididdiga, kalmar tana magana ne a kan hanyar da aka bi da kuma iyakar sanin ɗan Adam, wato cewa babu mutumin da ya san sakamakon ko ya juya shi. Mai fassara ya tsaya a nan. Kada ya sa "ƙaddara" ko "rabo" ko "tsautsayi" a madadinta, domin waɗannan suna ɗauke da nauyin da jimlar asali ba ta ɗauka ba.

A ma'ana ta uku, sunan RAM ya riga ya zauna a bakin masu sayar da waya da masu gyaranta, don haka a bar shi yadda yake, in ana bukatar bayani a ce ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita. A ma'ana ta huɗu kuwa, "wani can", "haka kawai" da "daga ina" sun wadatar.

6.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar ta taso daga tsohon Faransanci da ma'anar sukuwa, ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 14, ta koma rashin saiti a ƙarni na 16, ta zama sifa a ƙarni na 17, sannan masana lissafi, masu kwamfuta da matasa kowa ya ja ta zuwa nasa fage. Kafin ɗalibi ya fassara ta, ya yi wa jimlar tambayoyi uku. Wa ke magana, kuma a wane fage? Shin ana nufin ba a yi tsari ba ne, ko kuwa an yi tsari don hana son rai? Idan Bahaushen da bai ji Ingilishi ba ya saurari fassarar, zai ɗauka sakaci aka yi, ko zaɓe, ko adalci? Amsar tambaya ta uku ita ce ma'aunin aikin.

7.0 Aikin Ɗalibi

1. Fassara waɗannan jimloli da Hausa, ka faɗi ma'anar da kalmar ke ɗauke da ita a kowace:
(a) The police carry out random checks on this road.
(b) She picked a mango at random from the basket.
(c) The winners were selected randomly by computer.
(d) Some random boy took my seat.

2. Gina jimla guda da kowace ɗaya daga cikin waɗannan: barkatai, da ka, arashi, kan mai uwa da wabi, ƙuri'a. Bayyana dalilin da ya sa ba za a iya musanya su da juna ba.

3. Rubuta sakamakon jefa ƙwandala sau 50 daga kanka. Bayan haka ka jefa ta da gaske sau 50, ka rubuta abin da ya fito. Kwatanta jerin biyu, ka duba wanne ne ya fi yawan maimaita fuska ɗaya a jere.

4. Karanta wa wani dattijo ko dattijuwa da ba su yi boko ba fassarar da ke misali na (6), ka roƙe su su maimaita maka abin da suka fahimta da bakinsu. Rubuta abin da suka ce, ka kawo gyaran da kake ganin fassarar ke bukata.